In An Ce Ki Saki, To Ki Saki: Abin Da Na Koyo A Kan Katifar Jujitsu A Zuru

Yau kam ba labarin wata na zo muku da shi ba, nawa ne na kaina, kuma na daɗe ina jin kunyar faɗinsa. Amma Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai dai wani sirrin idan aka bar shi a cikin, 'yar uwa ce za ta cutu.

Ni haifaffiyar garin Zuru ce a Jihar Kebbi. Ina aji biyar a sakandare abin ya faru. Wata ranar da yamma, an kusa kiran magariba, ina dawowa daga lesin ni kaɗai, sai wani saurayi da ya daɗe yana tare ni a hanya ina share shi ya sha gabana a wani lungu. Na kauce dama ya kauce, na kauce hagu ya kauce. Kafin in ankara sai ji na yi caraf ya damƙe min wuyan hannu, yana cewa, “Yau sai kin tsaya kin saurare ni.”

Mai karatu, wallahi da bakina na sha cika baki a cikin ƙawaye cewa duk namijin da ya kuskura ya taɓa ni sai na wanka masa mari. To ranar ko yatsa ban iya ɗagawa ba. Ƙafafuna suka yi sanyi, harshena ya yi nauyi, ihun ma ya maƙale a maƙogwaro. Allah ne ya kawo wani dattijo a kan keke ya daka masa tsawa, ya sake ni ya ruga. Na isa gida ban gaya wa kowa ba, na shige ɗaki na yi ta kuka. Riƙon bai yi min ciwo kamar yadda sandarewar da na yi ta yi min ba.

Ana haka aka yi hutun ƙarshen shekara, damina ta yi nisa. Sai ƙawata ta zo min da labarin wata baiwar Allah 'yar hidimar ƙasa da aka turo garinmu, wai tana koya wa 'yan mata zalla wani irin wasan kare kai da ta koyo a Legas, sunansa jujitsu. Na ce, “Ju me?” Ta ce, “Ke dai zo mu je ki ganar wa idonki.”

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne babba a cikin wani gida mai katanga, an shimfiɗa katifu marasa kauri an rufe su da tamfol, taga biyu, randar ruwa a gefe. 'Yan mata ne kusan goma sha biyu, Musulmi da Kirista, kamar dai yadda muke zaune a Zuru. Ita kuwa Antin 'yar siririya ce, in kin gan ta a hanya sai ki ce iska za ta ɗauke ta. A gabana ta kwanta a ƙasa, ta ce wadda ta fi kowa jiki a ajin ta hau ruwan cikinta ta danne ta. Kafin ƙiftawar ido ta maƙale mata hannu ɗaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga ƙugu sama ta mirgina, sai ga ta a sama, mai jikin a ƙasa tana dariya. Na riƙe baki na ce, “Anti, asiri ne?” Ta ce, “Ƙanwata, dabara ce. Ke ma in kin yi haƙuri za ki iya.”

Matsalar tana gida. Da na gaya wa Inna sai ta tafa hannu ta ce, “Kokawa? 'Ya mace? Ki rufa min asiri, kada Babanku ya ji.” Baba kuwa da ya ji, kalma ɗaya ya yi, “A'a.” Allah ya taimake ni Kaka tana nan, mahaifiyar Baba. Ita 'yar ƙabilar Lelna ce, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, daga wajen Dabai aka auro ta. Ta kira ni ɗakinta ta ce, “Kishiya, gaya min gaskiya, me ya kai ki son wannan abu?” Nan fa na fashe da kuka na zayyana mata labarin lungu. Ta yi shiru can, sannan ta aika a kira Baba.

Ta ce masa, “Kai da ka tashi kana kallon kokawar bikin Uhola, yau kai ne kake ƙyamar kokawa? A ƙasarmu saurayi sai ya yi shekara bakwai yana noman Golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, don a san darajarta. To wadda ake wa wannan wahala ita ce za a bari wani ɗan iska ya riƙe a lungu?” Baba ya sunkuyar da kai. Washegari da kansa ya raka ni, ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa Anti tambayoyi: akwai maza? Babu. Da wace irin shiga ake yi? Dogon wando da riga mai dogon hannu, da hular kai mai kama kai wadda ba ta da fil. Lokacin salla fa? Ana tashi. Sai ya ce, “To, Allah ya sa albarka.”

Na shiga da zumuɗin a koya min kayar da mutum, ashe darasin farko faɗuwa ne. Mako guda cur muna koyon yadda ake faɗuwa: ki manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ki lanƙwasa baya kamar ƙwarya, ki doki katifa da tafin hannu da damtse, kada ki kuskura ki tokare da hannu a miƙe, nan ake samun karaya. Bayan nan aka koya mana jan ƙugu a kwance don zamewa daga ƙarƙashin mutum, da yadda ake miƙewa tsaye ba tare da an ba shi fuska ba. Kwana ukun farko jikina kamar an yi min dukan sakwara, sai da Inna ta gasa min shi da ruwan zafi tana mita.

Anti takan zaunar da mu bayan horo ta ba mu tarihi. Asalin jujitsu daga ƙasar Japan yake, ma'anar sunan kuwa dabara mai laushi, wato ka bi da ƙarfin abokin karawarka maimakon ka yi karo da shi. A shekarar 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano, (e, Kano, amma ba ta Dabo ba, mun sha dariya ranar) ya tace tsohuwar jujitsu ya fitar da judo, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokyo. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya isa ƙasar Birazil a 1914, can ya koya wa wani matashi Carlos Gracie. Shi da ƙanensa Helio Gracie suka mayar da hankali kan kokawar ƙasa, har aka samu abin da ake kira jujitsun Birazil, irin wanda muke koyo. Duniya ba ta farga da shi sosai ba sai a watan Nuwamba na 1993, lokacin da ɗan Helio mai suna Royce Gracie ya ci gasa a birnin Denver na Amurka, ya yi galaba a kan ƙarti uku a dare ɗaya, kuma duk sun fi shi nauyi.

Bambancinsa da kokawarmu ta gargajiya, irin ta Uhola ko ta bikin kamun kifi na Argungu, shi ne: a tamu da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa an yi kaye, makaɗa su ɗauki kiɗa, magana ta ƙare. A jujitsu kuwa a ƙasan ne ake fara magana. Wannan ya sa ya dace da mace, domin mai mugun nufi ba ya tsayawa don kin faɗi.

Kuma kada ki ɗauka yau mata suka fara. A Ingila an yi wata mata Edith Garrud, 'yar guntuwa ce da tsawonta bai wuce mita ɗaya da rabi ba, a 1913 ita ta horar da matan da ke gadin shugabannin masu fafutukar a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. A Japan an yi Keiko Fukuda, wadda ta kai matsayi na goma a judo a 2011, ta rasu a 2013 tana da shekara 99. Tun gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 mata ke karɓar lambobin yabo a judo, a ta Landan kuwa a 2012 wata yarinya 'yar Saudiyya, Wojdan Shaherkani, ta shiga fili kanta a rufe. A Abu Dhabi ma jujitsu darasi ne a makarantun gwamnati, har da na 'yan mata.

To amma duk wannan ba shi ne babban abin da na ɗauko ba. Babban abin shi ne dokar farko ta ɗakin, wadda Anti ke maimaitawa kullum kafin a fara. Idan abokiyar horonki ta kama ki, kika ji za ki cutu, sai ki bubbuga jikinta ko katifa sau biyu ko uku da tafin hannu, ko ki ce “saki”. Ita kuma dole ta saki nan take. Ba sai ta tambayi dalili ba, ba sai ta ƙarasa abin da ta faro ba. Anti takan ce, “Bubbugawa ba abin kunya ba ne, wadda ta ƙi saki ita ce abin kunya.”

Na ga ranar da aka karya dokar. Wata yarinya mai zafin kai ta kama hannun ƙawata, ƙawata ta bubbuga, ita kuwa don son a ce ta iya sai ta ƙara ja kaɗan. Ƙawata ta ƙwalla ƙara, gwiwar hannunta ta kwana biyu a kumbure. Ban taɓa ganin ran Anti ya ɓaci irin na ranar ba. Ta tsayar da horo, ta ce wa yarinyar, “Ta ba ki amanar jikinta, kin ci amana. Je ki gida sai bayan mako biyu.” Yarinyar ta dawo ta ba da haƙuri a gaban kowa, daga baya ma ta zama ta fi kowa lura da abokiyar horonta.

A lokacin ina da wani mai zuwa zance wurina da sanin iyayena, ɗan gayu ne, ga iya magana. Da ya ji inda nake zuwa sai ya yi dariya ya ce, “Wa zai auri 'yar kokawa? Ki daina, ba na so.” Wannan bai dame ni ba kamar wata ɗabi'arsa da ban taɓa lura da ita ba sai da na shiga ɗakin horo. In na ce masa dare ya yi zan shiga gida, sai ya ce saura minti biyar, biyar ta zama talatin. In ya yi wani wasan da ba na so na ce ya bari, sai ya ƙara, yana cewa ai wasa ne. Rannan na tashi zan shiga, sai ya kama min gefen mayafi. Na ce, “Saki.” Ya ƙi, yana murmushi. Na sake cewa, “Don Allah saki.” Ya ƙi.

'Yan uwa, ban kayar da shi ba, ban murɗe masa hannu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban sandare ba. Numfashina daidai, ƙafafuna a kafe, na dube shi ido cikin ido na ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, na ce, “Na ce ka sake min mayafi!” Ya saki da sauri yana waige-waige. Na shige gida. A daren na yi ta tunani: yarinyar da ta ƙi saki na daƙiƙa ɗaya an kore ta mako biyu, shi kuwa wannan so yake in ba shi amanar rayuwata gaba ɗaya. Da safe na gaya wa Inna ya daina zuwa. Kaka ta ji ta ce, “Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.” Ba zan ɓoye muku ba, na yi kukan rabuwa, don ina son shi. Amma ban yi da-na-sani ba.

Ga 'yar shawarata ga mai sha'awa. Ki nemi izinin iyaye, ki kai su su ga wurin da idonsu. Ki nemi inda mace ke koyarwa, ko aƙalla inda mata ke horo da mata. Ki yanke farce, ki cire 'yan kunne da zobe da fil. Ki wanke kayan horo duk ranar da kika sa, ki yi wanka da sabulu, don makero na yaɗuwa a katifa mai datti. Kada ki gwada shaƙa a kan ƙannenki a gida, cikin 'yan daƙiƙu mutum ke suma. Kada ki yi gaggawa: ɗamara biyar ce ga manya, fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan baƙa, kuma baƙar takan ɗauki kimanin shekara goma. Idan an riƙe miki wuyan hannu, ki fizge ta wajen babban yatsansa, nan riƙon ya fi rauni, amma karantawa a mujalla ba ta isa ba sai an maimaita a gaban malama. Abu na ƙarshe, jujitsu ba maganin wuƙa ko bindiga ba ne. Anti ta sha gaya mana manufar ita ce ki kuɓuta, ki yi ihu, ki gudu inda mutane suke, ki kuma gaya wa na gida. Shirun da na yi a farko kuskure ne.

Anti ta gama hidimarta ta koma garinsu, mun raka ta tasha muna kuka. Har yau farar ɗamara gare ni, tana nan a ninke a ƙasan akwatina. Wani lokaci ni da ƙawata mukan shimfiɗa katifa a tsakar gida mu tuna baya, Kaka na zaune a kan tabarma tana yi mana alƙalanci, Inna na leƙowa daga madafa tana cewa mu yi a hankali.

Allah ya kare mana mutuncinmu, ya haɗa kowace da mai jin “bari” tun a karon farko, amin.

Wassalam. Taku har kullum, 'yar uwarku daga Zuru.