Me ya sa bututun da ke tsakanin tanderu da hasumiya a matatar mai ba ya tafiya sambal?

Idan ka duba hoton matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980, za ka ga bututu sun yi ta lanƙwashewa kamar maciji. Da gangan aka yi su haka. A cikinsu akwai wanda ya fi ba injiniyoyi ciwon kai, wato wanda ke ɗauko ɗanyen mai daga tanderu zuwa hasumiyar da ake rarrabe fetur da kananzir da man dizal.

A tanderu ana dafa ɗanyen man har ya kai kusan digiri 350 zuwa 370 a ma'aunin Selshiyos. Idan ya fito, wani ɓangare ya zama tururi, saura kuma yana nan ruwa. Daga nan matsaloli uku suke tasowa.

Ta farko, ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Wanda ya san layin dogo na Ƙaura Namoda ya ga ɗan giɓin da ake bari a mahaɗar ƙarafa, to dalilin ke nan. Bututu mai tsawon mita 30, idan ya tashi daga zafin gari zuwa digiri 360, yakan ƙaru da sama da santimita 10. In an ɗaure shi tamau, sai ya tunkuɗi bakin hasumiya ko na tanderu har walda ta tsage. Shi ya sa ake lanƙwasa shi, a kuma rataye shi da sifirin don ya samu wurin motsi.

Ta biyu, faɗinsa. In ya yi ƙunci, matsi zai ƙaru a cikin tanderu, man ba zai zama tururi yadda ake so ba sai an ƙara wuta, ƙarin wutar kuma na iya ƙona man ya bar gawayi ya toshe hanya. In ya yi faɗi da yawa, ruwan zai kwanta a ƙasa, tururi ya riƙa kwasar shi dunƙule-dunƙule yana buga kwana kamar guduma.

Ta uku, farar wutar da ke cikin ɗanyen mai tana cin ƙarfe daga ciki idan zafi ya yi yawa. Don haka ake zaɓar ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam, ana kuma auna kaurinsa lokaci-lokaci. A watan Agustan 2012, wani bututu mai fitowa daga hasumiya a matatar Chevron da ke Richmond a Amurka ya fashe saboda irin wannan cin. Gobara ta tashi, mutane kusan 15,000 suka nemi kulawar likita.

Saboda haka, duk lokacin da ka ji ana maganar farfaɗo da matatar Kaduna don mai ya wadata daga Gusau har Shinkafi da Zurmi, ka sani cewa kafin a kunna tanderu, sai an bi wannan bututun taku-taku an duba kaurinsa da waldarsa da duk abin da ke riƙe da shi.