Da Wane Mudu Ake Auna Barcin Jariri?

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa ɗakin masu goyo ne, domin mu ji yadda masana ke gane ko yaro yana samun isasshen barci.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2019, jariri daga haihuwa zuwa wata uku yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 tsakanin dare da rana. Daga wata huɗu zuwa sha ɗaya, awa 12 zuwa 16. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuwa, awa 11 zuwa 14. To, faɗa ba wuya. Amma wa zai ƙirga, tunda mai barcin ba ya magana?

Iyaye ake tambaya. A 2004, Farfesa Avi Sadeh na Jami'ar Tel Abib ya wallafa wata gajeriyar takardar tambayoyi da ake kira BISQ. Ina yaro yake kwana? Ƙarfe nawa yake barci? Sau nawa yake farkawa? Yana shan mama barci ke ɗaukarsa, ko sai an jijjiga shi? Sannan a ƙarshe a tambayi uwa: kina ganin barcin ɗanki yana da matsala?

Da irin waɗannan tambayoyi Jodi Mindell ta Amurka da Sadeh da abokan aikinsu suka tattara bayanan yara fiye da 29,000 daga ƙasashe da yankuna 17, suka wallafa a 2010. A Niyu Zilan, wajen bakwai da rabi na dare an kwantar da yaro. A Hon Kon sai goma ta gota. Yaran Japan na samun awa sha ɗaya da rabi da 'yan kai, na Niyu Zilan sun haura sha uku. A Biyetnam, fiye da yara takwas cikin goma shimfiɗarsu ɗaya da iyayensu. A Niyu Zilan ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar tambayar ƙarshe. A Tailan, kusan kashi 11 cikin ɗari na iyaye ne suka ce akwai matsala. A ƙasar Sin, kashi 76. Tazarar barcin yaran ba ta kai haka ba, ko kusa. Ke nan abin da aka auno ya haɗa da tsammanin iyaye. Uwar da ta sa rai ɗanta zai yi barci har gari ya waye, farkawa biyu ciwo ce a wurinta. Wadda ke kwance gefensa, in ya motsa ta miƙa masa mama idonta a rufe, da safe ba ta ma iya tuna sau nawa ya tashi.

Kuma cikin ƙasashen nan babu ko ɗaya daga Afirka. Mudu kuwa kowace kasuwa da nata.

Ku dubi gidajenmu. Takardar BISQ ta yanka dare daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, alhali mu da kiran assalatu gida ya tashi. Da rana yaro yana bayan uwarsa, an ɗaure da zane, an ƙara majanyi, kansa ya langaɓe gefe guda, tana daka yana sharar barci. An jima yana hannun kaka, ko yayarsa ta goya shi zuwa maƙwabta. Wa ya riƙe lissafi? Akwai wata 'yar na'ura mai kama da agogo da ake ɗaura wa jariri a ƙafa, wadda ke auna motsi: in ya yi lamo ta rubuta barci, in ya motsa ta rubuta farkawa. A gadon yara tana aiki. A goye kuwa motsin uwa za ta ɗauka, ta ce yaro idonsa biyu.

Tun shekarun 1970 Charles Super da Sara Harkness suka lura cewa jariran Kifsigis na Kenya, masu kwana jikin uwa, barcinsu a gutsuttsure yake, ba dogo irin na takwarorinsu na Amurka ba. Wannan tsarin rayuwa ne, kuma ban ga hujjar kiransa cuta ba.

Amma kada a fake da al'ada. Tun 1992 likitocin yara a Amurka ke cewa a kwantar da jariri rigingine, kuma mutuwar fuju'a cikin barci ta ragu matuƙa. Wannan ya shafi kowa: shimfiɗa mai ƙwari, ba filo, ba bargo a fuska, ba hayaƙin taba.

Kira na ga likitocin yara da jami'o'inmu: a zauna da mata a tsara tambayoyin da suka san goyo da kaka da asuba. Ku kuma iyaye mata, idan aka tambaye ku a asibiti, ku haɗa da barcin baya da na rana duka. In yaro na yawan minshari, ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.