Bayan an kashe maigida, wa ke riƙe gonar?

A shekarar 2022 Rodrigo Sorogoyen, ɗan ƙasar Sifaniya, ya fitar da fim ɗin As Bestas, wanda ya lashe lambobin Goya tara. Labarin miji da mata ne 'yan Faransa, Antoine da Olga, masu noman lambu a wani ƙauyen Galisiya. Antoine ya ƙi sa hannu a bar wani kamfani ya kafa injinan lantarki na iska, maƙwabtansa kuwa, wa da ƙane masu kiwon shanu, a kan kuɗin nan suka ɗora burinsu na rabuwa da talauci. Suka jefa masa batura a rijiya, tumatirinsa ya lalace, daga ƙarshe suka shaƙe shi a daji. Da wani ne, nan zai rufe fim. Sorogoyen da abokiyar rubutunsa Isabel Peña sai suka miƙa ragowar labarin ga Olga: tana kai kayan lambu kasuwa, tana bin daji neman gawar mijinta, 'yarta na roƙonta ta tattara ta tafi, ta ƙi. Tushen labarin gaskiya ne. Martin Verfondern, ɗan Holan, ya ɓace a Santoalla a 2010 bayan rigima kan rabon amfanin dajin gari, matarsa Margo Pool kuma ta ci gaba da zama a ƙauyen.

Wannan kaso na biyu na fim ɗin shi ne abin da masu shirya finafinanmu na Hausa ya kamata su duba, domin mutumin Yauri ta ƙasar Matameye a Damagaram ya san shi ciki da bai. Jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke, an ci burtali, garke kan faɗa wa amfanin gona tun ba a yi shelar sakin gonaki ba. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, amma aikinsu ya fi karkata ga iyaka da ɓarna. Idan jini ya zuba, maza ke zama a fada a yi sulhu. Matar da ta fita takaba fa? Shari'a ta ba ta tumuni in akwai 'ya'ya, sai dai sau da yawa a ƙimanta mata shi da kuɗi ko hatsi, ƙasar ta tsaya hannun dangin miji, har gamanarta ta koma cikin gandu.

Za a ce Galisiya ba Damagaram ba ce, kuma gaskiya ne: Olga tana da takardar gida da ƙasar da za ta koma, matar Yauri ba ta da ko ɗaya. Wannan ai ƙarin dalili ne na ba da labarinta. Za a kuma ce nuna rikicin manoma da makiyaya tayar da tsohon miki ne. Wannan tsoro yana da tushe, musamman ga wanda ya tuna Toda ta jihar Maradi, inda aka kashe Fulani sama da ɗari a Oktoban 1991, galibinsu mata da yara. Amma abin da ke hura wuta shi ne fim mai mai da ɓangare ɗaya dodanni, As Bestas kuwa ya bar babban wan ya faɗi hujjarsa har mai kallo ya ji zafin talaucinsa. Aisha Macky ta gwada haka a fim ɗinta na 2021 kan samarin Kara-Kara a Zinder, ta saurare su ba tare da ta wanke su ba. Irin wannan sauraro ake bukata a karkarar Matameye, a tsakar gidan da aka gama zaman makoki, lokacin da 'yan'uwan mamaci suka fara zancen wa zai nome gonar bana.