Tsohon tabaron VR: Abubuwan da ke kashe shi da yadda za a tsawaita kwanansa

A watan Oktoban 2020 ne kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya fitar da Quest 2 a kan dala 299. Tabarau ne na fasahar VR, wanda idan mutum ya ɗaura a fuska zai ga kamar ya shiga cikin wasa ko bidiyon da yake kallo.

A 2024 kamfanin ya daina sayar da shi, amma har yanzu yana hannun mutane da dama, wasu kuma na sayen na hannu saboda sauƙin farashi. Ko mene ne ke lalata shi, kuma me za a iya gyarawa?

Rana ce babbar abokiyar gaba

Gilasan da ke cikin tabaron suna tattara haske wuri guda, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu. Idan hasken rana ya faɗa kansu kai tsaye, cikin ɗan lokaci zai ƙona allon da ke ciki, ya bar tabon da ba ya gogewa. Daga nan sai dai a sauya allon. Don haka kada a ajiye shi kusa da taga ko a cikin mota.

Gilasan na roba ne, suna saurin karcewa. Busasshen ƙyallen goge tabarau ya wadatar, ban da sinadarin goge gilashi. Lokacin hunturu a fara hure ƙurar kafin a goge, domin ƙwayar ƙura ce ke yin karcen. A riƙa goge kyamarori huɗun da ke jikinsa, saboda da su yake gane motsin mai amfani da shi.

Batir da soso

Batirin irin na wayar salula ne, ƙarfinsa na raguwa da shekaru, zafi kuma na gaggauta hakan. Idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a bar cajin wajen rabi, kada a bari ya mutu ɗungurungum. Wanda batirinsa ya yi rauni zai iya jona fawa-bank ya ci gaba da wasa.

Ana iya sauya batirin, sai dai yana can ciki, bayan kusoshi masu yawa da siraran wayoyi masu saurin tsinkewa. Aikin ƙwararren mai gyara ne. Idan kuwa ya kumbura, a daina caji nan take.

Soson da ke taɓa fuska yana shan gumi. A watan Yulin 2021 kamfanin ya janye kusan miliyan 4 na wannan soso saboda ƙorafin ƙaiƙayin fata, ya raba murfin roba mai laushi. Soson cire shi ake yi da hannu, kuma ana samun na sauyi.

Rimot ɗin hannu kan fara motsi da kansa idan datti ya shiga ƙarƙashin maɓallin da ake juyawa da babban yatsa. Sau da yawa tsaftacewa na magance shi. A cire batirin AA kafin a ajiye, don kada ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki.

Abin da mai gyara ba zai iya ba

Akwai mutuwar da ba ta da alaƙa da ƙura ko rana. Quest na farko ya fito a 2019. A 2023 Meta ta daina ƙara masa sababbin abubuwa, a watan Agustan 2024 kuma ta daina aika masa gyaran tsaro.

Masu tabarau irin HP Reverb G2 sun ga abin da ya fi haka. Microsoft ya cire manhajar Windows Mixed Reality daga sabon zubin Windows 11 na 2024, sai na'urori masu ƙoshin lafiya suka daina aiki ga waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu.

Oculus Go ya fi sa'a. Bayan an daina sayar da shi a 2020, kamfanin ya saki buɗaɗɗiyar manhajarsa a 2021, abin da injiniya John Carmack ya daɗe yana nema, domin masu shi su ci gaba da sarrafa kayansu.

Saboda haka mai shirin sayen na hannu ya buɗe farin hoto ya duba ko akwai tabon ƙuna, ya gwada rimot biyun, ya tabbatar an goge asusun mai shi na farko. Kafin ya biya kuɗi, ya bincika har zuwa yaushe kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajar wannan samfurin, domin wannan ce matsalar da ba a kai wa mai gyara.