Ɗan Jirgin Yaƙi na Roba Ba Ya Mutuwa da Wuri

A Ingila, Jamus da Jafan akwai manya masu furfura da ke kwana suna harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, Tamiya da Hasegawa na Jafan, da Zvezda na Rasha ne ke ƙera su. Kwali za ka saya, ka tarar da jirgin gunduwa-gunduwa a maƙale jikin sandunan roba, kai za ka yanko, ka liƙa, ka yi fenti. Lambar da ke jikin kwalin, misali 1/72, tana nufin an rage girman jirgin gaske sau 72. Shi ya sa MiG-21, jirgin Tarayyar Sobiyet da rundunar sojin saman Najeriya ta fara amfani da shi a 1975, yake komawa kimanin santimita 20, faɗin fuka-fukansa kuwa santimita 10.

A wajenmu da wuya ka samu sabo dal. Yawanci cikin kayan gwanjo suke zuwa, an danne kwalin, ko wani yaro a Turai ya fara haɗawa ya gaji. Irinsu ne wani MiG-21 da ke kan teburina: fiffike ɗaya ya lanƙwashe, gilashin matuƙi ya yi fari da gam, ƙafar gaba ta karye, an kuma lafta masa fenti mai kauri har layukan jikinsa sun ɓace. Wanda bai sani ba shara zai kai shi, alhali kusan duk wannan ɓarna tana da magani, muddin ka san abin da robar ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka.

Robar ana kiranta folistirin, kuma maƙiyanta biyu ne: zafi da sinadarai masu narkarwa. Tinar masu fentin mota da ruwan goge jan farce duka suna cinye ta, jirgin ya koma kamar an tauna. Don haka cire tsohon fenti da sifirit ake farawa, a jiƙa, a goge da tsohon burushin haƙori. In fentin mai ne ya ƙi fita, masu wannan sana'a kan jiƙa shi kwana guda a man birki ko ruwan wanke tandar gashi, da safar hannu, nesa da yara. Man birki kan sa wata robar ta yi gautsi, saboda haka a fara gwadawa a guntun da ba a buƙata. Tsohon gam kuwa sanyi ne maganinsa: a sa jirgin a leda, ya kwana a firiza, da safe a bi haɗin da bakin reza a hankali, sau da yawa sai ya buɗe.

Zafin da ya lanƙwasa fiffike shi ne kuma zai miƙe shi. A ɗora ruwa ya yi zafi sosai amma kada ya tafasa, a tsoma fiffiken na 'yan daƙiƙu, a danne shi a kan gilashi ko tayil, sannan a zuba ruwan sanyi yana danne. In bai miƙe ba a sake. Wanda ya ƙosa ya kai shi bakin wuta ya yi asara, domin robar da ta tsuke ba ta komawa.

Karyayyar ƙafa ita ce inda aka fi yin kuskure. Kaurinta bai fi na tsinken ashana ba, gam kaɗai ba zai riƙe ta ba. Ɗori ake yi mata, sai dai karan a ciki yake shiga: a huda ɓangarorin biyu da allura ko ɗan ƙaramin abin huji na hannu, a zura guntun siririyar waya, a ɗiga sufa gulu. Ƙafar da aka yi wa haka takan fi ta asali ƙarfi.

Kada kuma a zubar da sandunan da aka yanko kayan daga jikinsu. Ka riƙe guntu a saman kyandir kana juyawa, da ya yi laushi ka janye daga wutar ka ja bakin biyu, sai ya zama zare. Da shi ake maye dogon tsinken nan na hancin MiG-21 mai auna gudun jirgi, wanda shi ne ke fara ɓacewa. Rami ko tsaga kuma, a kwaɓa sufa gulu da hodar jarirai a cike, a goge da samfefa da zarar ya kama, domin in ya kwana sai ya fi robar tauri, ka cinye gefe ka bar tudu.

Gilashin matuƙi ne ke gwada haƙurin mutum. Tururin sufa gulu ne ke mayar da shi fari. Gyaransa sai ka fara ƙara ɓata shi: ka goge da samfefa mai lamba 600 da ruwa, ya yi dishi-dishi har gabanka ya faɗi, ka koma 1000, ka koma 2000, kowace tana share zanen ta baya. Daga nan sai man goge baki a tsumma mai laushi, ka yi ta murzawa har kujerar matuƙi ta bayyana ta ciki. Wajen mayar da shi, farin gam na kafintoci ake sawa, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

Tambarin da ke zuwa a takarda, in ya tsufa yakan yi rawaya. A sa shi a leda a manna a taga, rana za ta washe shi cikin makonni. In ya farfashe kuwa, an samu damar zana namu. Alamar jiragen sojin samanmu da'ira ce, kore a waje, fari a tsakiya, kore a ciki, kuma da tef da ɗan siririn burushi ana iya zana ta. Jirgin da aka sayar da jan tauraron Sobiyet sai ya koma irin waɗanda suka zauna a Makurɗi. A nemi hotunan gaske a kwaikwayi launin jikin. In lokacin hunturu ne, a kifa masa roba ko kwali da an gama fenti, don ƙura ba ta jiran ya bushe.

Ni dai in mai koyo ya tambaye ni, cewa nake ya fara da lalatacce. Sabon kwali mai tsada yakan sa hannu rawa, kana tsoron kowane yanka. Wanda ya riga ya karye kuwa ba abin da za ka rasa, a kansa za ka koyi zafin ruwa, jan zare da murza gilashi. In ma ya ƙi gyaruwa, ka cire tayoyinsa, kujerarsa da makamansa ka adana a gwangwani, domin kwalin gwanjo na gaba ma da wuya ya zo cikakke.