Abin sha ma yana da abokin tafiya: Daga teburin Japan zuwa kunun Suleja

A watan Disamban 2024, a zaman da ta yi a ƙasar Faraguwai, hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A wannan zaman ne kuma ta karɓi wata al'ada daga Japan: fasahar gargajiya ta sarrafa shinkafa zuwa abin shan da duniya ta sani da suna sake, su kuma Japanawa ke kira nihonshu. Giya ce, barasar da ke cikinta takan kai kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari, don haka ba ta da gurbi a teburin Musulmi. Sai dai ilimin da Japanawa suka gina a kanta, na sanin wane abin sha ne ya dace da wane abinci, ba ya buƙatar barasa kafin ya yi amfani. Ilimi ne da ya shafi duk jami'in da aka taɓa ɗora wa shirya liyafar ofis a Abuja, ya cika teburi da tuwo da masa da tsire, sannan ya jera musu lemon kwalba iri ɗaya.

Suleja, inda dubban ma'aikatan tarayya ke kwana su yi sammakon shiga Abuja, wuri ne da ya dace a auna wannan batu. Garin Zage-zagi ne da Abu Ja ya kafa a 1828, kuma shi ne ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunansa na asali, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Yana ma da tsohuwar alaƙa da Japan wadda ba kowa ya sani ba. Michael Cardew, Baturen da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, almajirin Bernard Leach ne, wanda ya koyo sana'ar a Japan. A wannan cibiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ta fara aiki a 1954. Daga Kasuwar IBB zuwa Madalla da ke gindin Dutsen Zuma, babu safiyar da ba a dama koko, babu ranar da ba a sayar da kunu da zoɓo da fura.

Yadda Japanawa ke haɗawa

Ƙa'ida ta farko ita ce nauyi da nauyi. Kafin a dafa shinkafar giyar, ana goge bayanta. Idan abin da ya rage na ƙwayar bai wuce kashi 60 cikin ɗari ba, ana iya samun nau'in ginjo. Idan bai wuce kashi 50 ba, daiginjo. Waɗannan suna da ƙamshi da sauƙi a baki, ana shan su da sanyi tare da ɗanyen kifi da sauran abinci mara maiƙo. Nau'in junmai kuwa yakan fi kauri, ana iya ɗumama shi, kuma ana ajiye shi kusa da gasasshiyar kaza ko naman da ya daɗe a wuta. Ba a barin mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi.

Ta biyu ita ce wanke baki: abu mai ɗan tsami yana share maiƙo, ya sa loma ta gaba ta zo da daɗin ta farko. Ta uku ita ce ƙasa da ƙasa. Giyar yankin Nada da ke kusa da Kobe, inda ruwa ke da ma'adinai da yawa, ta yi suna da kaifi. Ta Fushimi da ke Kiyoto, mai ruwa mai laushi, ta yi suna da taushi. Kowacce ta tashi tare da girkin yankinta.

A ƙarƙashin duka akwai ɗanɗanon da ake kira umami, na biyar bayan zaƙi, tsami, ɗaci da gishiri. Masanin kimiyya Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarinsa a Tokiyo a 1908, kuma daga bincikensa aka samar da Ajinomoto, farin magin da ke kowane shagon unguwa. Bahaushiya ba ta jira 1908 ba. Daɗin da daddawa ke sa wa miya shi ne umami, kuma ƙwayar halittar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa irin wadda ke ruɓar da waken suya ce ya zama natto, abincin karin kumallon Japanawa.

Kunun zaƙi da ɗan'uwansa na Gabas

Japan tana da wani abin sha na shinkafa mai suna amazake. Nau'insa da ake yi da shinkafa da koji kaɗai kusan babu barasa a cikinsa, har yara na sha. Koji wata fumfuna ce mai amfani da ake renonta a jikin turararriyar shinkafa. Sinadaran da take fitarwa suna narkar da sitaci ya koma sukari, sai zaƙi ya fito ba tare da an zuba komai ba.

Mai dama kunun zaƙi a Suleja wannan aikin take yi da wasu kayan daban. Takan jiƙa gero ko dawa, ta markaɗa da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun biyu. Ta dama kaso ɗaya da tafasasshen ruwa, idan ya huce ta juye ɗanyen kason da aka haɗa da dankalin Hausa ko tsiron shinkafa, ta rufe ya kwana. Sinadaran dankalin ko na tsiron su ne ke tsinka kaurin su fito da zaƙi, kwanan kuma ya kawo ɗan tsami. Abin da ya bambanta su shi ne Japan ta rubuta nata, ta auna, ta raɗa wa kowane mataki suna.

Wane ya dace da wane

Idan aka ɗora ƙa'idojin nan uku a kan abincin Suleja, sai a ga yawancinsu tsofaffi sun riga sun tsara. Ƙosai da koko ko kunun tsamiya, abincin buɗa-baki a watan azumi, wanke baki ne tsantsa: tsamin yana yanke man suyar. Kunun gyaɗa, mai kauri da garɗi, ya fi dacewa da abu mara nauyi, domin shi kansa rabin abinci ne.

Tsire da balangu suna zuwa da maiƙo da yajin ƙuli. Zoɓo mai sanyi wanda ba a cika masa sukari ba yana share maiƙon. Idan kuwa barkonon ne ya yi yawa, nono ya fi ruwa da lemo magani, domin sinadarin da ke kawo zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, amma maiƙon nono da furotin ɗinsa suna kwashe shi daga harshe.

Masa, wadda ƙullunta na shinkafa ya kwana ya yi ɗan tsami, tana tafiya da kunun zaƙi kamar 'yan ɗaki ɗaya, domin dukansu daga kwanan ƙullu suka sami ɗanɗanonsu. Tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe mai daddawa ba ya son abin da zai yi gasa da shi. Ruwan tsamiya mai sauƙi ko ruwan citta ya wadatar, lemo mai sukari kuwa yana kashe daɗin miyar. Fura da nono ba abokiyar tuwo ba ce. Abinci ce mai zaman kanta, kuma wanda ya haɗa su a taron rana ya shirya wa mahalarta gyangyaɗi.

Abin da ke hana kunu hawa teburi

Masu shirya taro suna da hujja idan suka ce lemon kwalba ya fi kwanciyar hankali. Kunu ba ya jure zafi. In babu firji, kafin kwana ɗaya ko biyu ya tsinke ya yi tsami. Ana yawan ɗura shi a robobin da aka riga aka yi amfani da su, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin irin ruwan da aka dama da shi. Babu mataimaki na musamman da ke son a ce baƙin maigidansa sun kwana da ciwon ciki.

Amma Japan ma ta sha fama da lalacewar abin shanta. Tun ƙarni na 16 masu yin sa suka koyi ɗumama shi ba tare da ya tafasa ba domin ya daɗe, shekaru kusan 300 kafin Louis Pasteur ya bayyana dalilin hakan a Faransa. Sauran aikin hukuma ce ta yi. Ofisoshin jakadancin Japan suna gabatar da abin shan ƙasarsu a liyafofinsu. A 2013 birnin Kiyoto ya kafa dokar ƙarfafa buɗe biki da giyar yankinsa, garuruwa da dama suka bi sahu, har wani garin makiyaya mai suna Nakashibetsu ya yi tasa dokar a kan madarar shanu.

A nan gida, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari, saboda damuwa da ciwon sukari da ƙiba. Duk da haka shi ne ke cika teburan tarukan gwamnati. Jihar Neja kuwa tana noma shinkafa da gero da dawa, kuma a Badeggi da ke kusa da Bida Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take. Kayan aiki da masana ba su yi nisa ba.

Abin da ya rage yana hannun masu rubuta takardar odar abinci. Jami'in da ya nemi zoɓo mai ƙarancin sukari kusa da tsire, da kunun zaƙi kusa da masa, ya kuma gindaya sharaɗin rajistar NAFDAC da sabuwar roba da ranar da aka dama, ya buɗe wa matan Suleja da Madalla kasuwar da za ta tilasta musu inganta sana'arsu, ta kuma biya su ladan hakan. Oda ɗaya ta ma'aikata ɗaya na iya kai cinikin mako guda a bakin tasha.

Ga waɗanda aiki ke kai wa Japan, kamar tawagar da ta raka Shugaba Bola Tinubu taron TICAD na tara a Yokohama a watan Agustan 2025, akwai abin lura. Ana zuba giyar shinkafa da 'yar'uwarta mirin a miya da gashi da yawa na ƙasar, don haka tambaya kafin a ci wajibi ce, haka ma kafin a sha amazake, domin akwai nau'in da ake yi da dusar giya. Ranar da Japanawan za su rama ziyara kuma, zai kyautu su tarar da abin shan da mai masauki zai iya faɗin garin da aka dama shi da dalilin da ya sa aka ajiye shi kusa da wannan akushi.