3.4 Matsayin Wayar Niyutiral da Wayar Ƙasa Wajen Jawo Wuta Daga Falwaya Zuwa Gini

A wannan fasali za a yi tsokaci a kan wayoyi biyu da masu haɗa wuta da dama ke ɗauka tamkar abu guda, wato niyutiral da wayar ƙasa, alhali kuwa kowace da nata aikin.

A Nijeriya, wayoyi huɗu ne ke fitowa daga taransifoma su bi kan falwayoyi: uku masu wuta, ta huɗu kuma niyutiral. Tsakanin kowace waya mai wuta da niyutiral akwai volt 230, tsakanin masu wuta biyu kuwa volt 400. Niyutiral ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma taransifoma, kuma a gindin taransifomar ake haɗa ta da ƙasa. Saboda haka ba a yarda a sa mata fiyus ko makunni ita kaɗai ba.

Dalili kuwa shi ne, idan niyutiral ta tsinke a kan layi, ko mahaɗinta ya yi tsatsa, kayan gidajen da ke kan layuka daban-daban sukan koma suna raba volt 400 a tsakaninsu. Gidan da bai kunna kaya da yawa ba shi ke samun kaso mafi girma, sai ƙwayaye da firji da talabijin su ƙone.

Ita kuwa wayar ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai an sami matsala. Takan haɗa jikin duk wani abu na ƙarfe, kamar dutsen guga da famfon ruwa, da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa kusa da ginin. Sai dai sandar kaɗai ba ta wadatar ba. Alal misali, idan turjiyarta ta kai om 20, wutar da za ta bi ta cikinta ba za ta wuce amfiya 11.5 ba, wadda ba za ta ƙona fiyus mai amfiya 30 ba. Ke nan jikin ƙarfen zai ci gaba da riƙe wuta har wani ya taɓa. Wannan ne ya wajabta sanya na'urar RCD, wadda ke katse wuta da zarar yoyon ya kai miliamfiya 30. Haka kuma, a arewacin ƙasar nan turjiyar ƙasa kan ƙaru da rani saboda bushewa, don haka ya kamata a kafa sandar da zurfi, a kuma auna ta a lokacin.

A shekarar 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin binciken irin waɗannan ayyuka. Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ingancin niyutiral ne ke tsare dukiya, wayar ƙasa da RCD kuma su ke tsare rai.